Kafin Mu Ce Kiɗan Shaiɗan Ne: Tarihin Underoath da Gemun Maƙwabci



Akwai wani hukunci da ya zama ruwan dare a bakin manyanmu a 'yan shekarun nan, tun daga Nima da Mamobi har zuwa Aboabo da sauran zangunanmu na Kumasi. Da zarar an ji wani saurayi ya saka irin kiɗan nan na Turawa mai ruri da gurnani, wanda mawaƙinsa ke ihu kamar ana zare masa rai, sai a ce ai wannan kiɗan shaiɗan ne, kuma mai jin sa ya riga ya yi sallama da hanya. Daga nan an rufe littafinsa ke nan. Ba za a tambaye shi me ya ji a ciki ba, ba za a tambaye shi me ke damunsa ba, sai dai a gargaɗi sauran yara su yi nesa da shi. Masu jin irin wannan kiɗa a cikinmu ba su da yawa, amma saurin yanke hukuncin da ake yi musu shi ne dai ake yi wa duk wani yaro namu da ya yi tuntuɓe, kuma wannan ɗabi'a ce muka zo mu ƙalubalanta a yau.

Hujjarmu tarihin wata ƙungiyar makaɗa ce ta Amurka mai suna Underoath, wato Ƙarƙashin Rantsuwa. Mun zaɓe ta ne domin tana cikin manyan wannan salo, kuma domin duk wanda ya ji rabin labarinta zai ɗauka ya samu makamin da yake nema: yara ne da suka fara daga coci suna waƙar Allah, suka ƙare suna cewa a daina kiran su ƙungiyar addini. Mai gaggawa zai tafa hannu ya ce, ga shi nan, kiɗa ya cinye su. Mu kuwa muna cewa wanda ya bi labarin daga tushe har ƙarshe zai tarar da wani abu dabam, abin da bai kamata ya bar mu mu yi barci da daɗi ba.

Bari mu fara da asalin kiɗan kansa, domin rashin sani ya fi dare duhu. Koguna biyu ne suka haɗu suka haife shi. Na farko shi ne kiɗan metal, wanda ake danganta tushensa da birnin Bamingham na Ingila, garin masana'antun ƙarfe, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Alamarsa jita ce ta lantarki mai kaurin sauti da ganguna masu nauyi. Na biyu shi ne hadko, wanda ya tsiro daga kiɗan pank a Amurka a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, a hannun ƙungiyoyi irin su Black Flag a Kalifoniya da Bad Brains da Minor Threat a birnin Washinton. Shi kuma gajerun waƙoƙi ne masu gudun tsiya, cike da fushin matasan da ke ganin duniya ta yi watsi da su. Ga wani abu da ya kamata masu hukuncin gaggawa su sani: daga cikin wannan hadko ne, ta dalilin wata waƙar Minor Threat ta 1981, wata aƙida ta fito ta matasan da suka ɗaukar wa kansu alkawarin ƙin giya da taba da ƙwaya, kuma har yau tana da mabiya a duniya. Ashe ke nan, tun daga tushe, ƙarar sauti ba ita ke nuna halin mai ita ba.

Da tafiya ta yi tafiya, wasu daga cikin makaɗan hadko suka gaji da gudu zalla. Ian MacKaye, wanda ya jagoranci Minor Threat, ya shiga kafa ƙungiyar Fugazi, inda suka shigo da sassauci da shiru da karin waƙa a tsakanin hayaniya. Wannan salo shi ake ce wa bayan-hadko. Wasu kuma a shekarun 1990 suka auri nauyin metal suka haɗa da fushin hadko, aka samu metalko. Babbar alamar metalko ita ce wurin da makaɗan ke rage gudu kwatsam, su riƙa sauke duka ɗaya bayan ɗaya da nauyi, kamar mata uku sun haɗu a kan turmi guda. Underoath ta yi rayuwarta ne tana kai da komowa tsakanin waɗannan gidaje biyu.

An kafa ta a 1997 a garin Okala na jihar Falorida. Mawaƙi Dallas Taylor da makaɗin jita Luke Morton ne suka assasa ta, suka jawo wani yaro daga coci mai suna Aaron Gillespie, wanda a lokacin bai wuce shekara 14 ba, ya zama mai ganguna. Daga baya birnin Tamfa ya zama mazauninsu. Faifansu na farko, Act of Depression, ya fito a 1999, na biyu, Cries of the Past, a 2000, duka a hannun wani ƙaramin kamfani mai suna Takehold. Waƙoƙin wancan zamani dogaye ne ƙwarai, masu duhu da nauyi, sun fi kusa da mafi tsananin nau'o'in metal, kuma saƙonsu wa'azi ne na Kiristanci kai tsaye. Wanda bai jin Turanci, da ya saurari waɗannan faya-fayai biyu, zai rantse cewa bokaye ne ke kiran aljanu, alhali kuwa a lokacin ne bakinsu ya fi cika da ambaton Allah a bisa fahimtar addininsu. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo gare shi.

Kamfanin Tooth & Nail, wanda ya shahara da buga kiɗan matasan Kirista, ya saye Takehold, don haka faifansu na uku, The Changing of Times, ya fito a 2002 a ƙarƙashin reshensa mai suna Solid State. A nan ne sauyi ya fara bayyana. Waƙoƙin suka gajarta, fiyanon lantarki na Chris Dudley ya samu gurbi sosai, kuma aka fara jin Gillespie yana rera waƙa da murya mai zaƙi daga bayan gangunansa. Tsofaffin masoya suka fara gunaguni cewa an sassauta. A 2003 Dallas Taylor ya rabu da ƙungiyar ana tsakiyar rangadi, ya je ya kafa tasa mai suna Maylene and the Sons of Disaster, aka ɗauko wani saurayi mai suna Spencer Chamberlain ya maye gurbinsa.

Faifan 2004, They're Only Chasing Safety, shi ya fitar da su daga ƙananan ɗakunan taro zuwa idon duniya. Sirrinsa musayar murya biyu ce: Chamberlain ya yi ihu, Gillespie ya karɓa da rerawa mai daɗi, ɗaya kamar ciwo, ɗaya kamar lallashi. Wanda ya san yadda makaɗin fada ke jefa magana 'yan amshi su karɓe, ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba, sai dai a nan jagoran da ɗan amshin kamar zuciya ɗaya ce ke gardama da kanta. Waƙar Reinventing Your Exit ta zagaya gidajen talabijin na kiɗa, kuma a ƙarshe faifan ya haye cinikin kwafi 500,000. Wannan shi ne mafi laushin abin da suka taɓa yi zuwa lokacin, shi ne kuma mafi kusa da bayan-hadko.

Ɗan kasuwa mai hankali, idan ya samu hajar da ta karɓu, sai ya ƙara saro irinta. Su ba su yi haka ba. A 2006 suka fito da Define the Great Line, wanda Adam Dutkiewicz na ƙungiyar Killswitch Engage da Matt Goldman suka tsara sautinsa, kuma ya fi na baya nauyi da sarƙaƙiya nesa ba kusa ba. Suka rage amshi mai sauƙin haddacewa, Chamberlain ya koyi saukar da muryarsa zuwa gurnani mai zurfi, aka shigo da dogayen wurare na kiɗa zalla marasa magana, har da karatun wani yanki na Zabura da harshen Rashanci. Duk da haka faifan ya shiga matsayi na 2 a jerin Billboard na faya-fayai 200 da suka fi kasuwa a Amurka, da cinikin kwafi kusan 98,000 a makon farko. Bidiyon waƙarsu Writing on the Walls ya shiga takarar lambar yabo ta Grammy. Ƙungiyar da ke kiran kanta ta Kirista, mai ihu irin wannan, ta hau wannan matsayi, abu ne da ba a saba gani ba.

To, a daidai wannan ƙololuwa ne tukunyar ta fara tsagewa. A bazarar 2006 suna cikin babban rangadin nan na Warped Tour, wanda ke zagaya biranen Amurka da ƙungiyoyi masu yawa, sai suka janye kafin a kammala, suka ce suna bukatar lokaci su gyara zumuncin da ke tsakaninsu. An yi ta raɗe-raɗin cewa ba'ar da jagoran ƙungiyar NOFX ke yi wa addininsu a bainar jama'a ce ta kore su. Daga baya ta bayyana cewa ruwa ba ya tsami banza: Chamberlain ya faɗa cikin shaye-shayen miyagun ƙwayoyi, kuma al'amarin ya kusa wargaza su. Mutumin da dubban matasa ke kallo a matsayin mai isar da saƙon imani, a ɓoye yana nutsewa, ga shi kuma an rataya masa allon da ba ya ba shi damar ya ce, jama'a ku cece ni.

Wanda ya saurari faya-fayan da suka biyo baya zai ji wannan nutsewa da kunnensa. Lost in the Sound of Separation na 2008, wanda ya shiga matsayi na 8, ya fi na gabansa duhu da ɗaci, kuma yawancin maganarsa kokawar mutum ce da jarabar da ta fi ƙarfinsa. A 2010 Gillespie ya fita, ya mai da hankali ga ƙungiyarsa The Almost da kuma waƙoƙin ibada na coci. Da fitarsa, babu ko mutum ɗaya da ya rage daga waɗanda aka fara da su a 1997. Daniel Davison, tsohon mai gangunan Norma Jean, ya karɓi ganguna, Chamberlain ya ɗauki muryoyin biyu shi kaɗai, suka fitar da Disambiguation a ƙarshen 2010, faifai mai nauyin gajimare, wanda babu mai amsa wa mai ihu a cikinsa sai kansa. A 2012 suka sanar da rabuwa, suka yi wasan ban kwana a Janairun 2013 a jiharsu ta Falorida.

A 2015 suka dawo, har da Gillespie. A 2018 suka fitar da Erase Me a kamfanin Fearless, wanda ba na addini ba ne, kuma suka faɗa a fili cewa sun daina ɗaukar sunan ƙungiyar Kirista, kowane ɗayansu da abin da ya yi imani da shi tsakaninsa da Mahaliccinsa. Waƙar farko da suka saki, On My Teeth, tana ɗauke da kalmar ashariya, abin da ya tayar da ƙura a tsakanin tsofaffin masoyansu, ko da yake ita ma ta shiga takarar Grammy. Bayan nan suka fitar da Voyeurist a 2022, wanda suka tsara da kansu suka koma ga nauyi, sai The Place After This One a 2025.

Yanzu ga tambayar da muke so masu cewa kiɗan shaiɗan ne su amsa. Idan ƙarar jita da ihu ne ke fitar da mutum daga addini, me ya sa waɗannan yara suka fi riƙo da addininsu a lokacin da kiɗansu ya fi muni a kunne, a 1999 da 2000? Me ya sa kuma faifan da suka ajiye sunan addini a kansa, na 2018, yana cikin mafi laushin abin da suka yi, mai yawan rerawa da amshi irin na rediyo, har masoyan nauyi suka yi ta ƙorafi? Da a ce awon imani a kunne yake, da lissafin ya juye. Ma'aunin da ya ba da kishiyar gaskiya a kan mutanen da aka san tarihinsu shekara da shekara, ta yaya za mu amince da shi a kan ɗan maƙwabcinmu da ba mu taɓa zama da shi na sa'a guda ba?

Shi Chamberlain da bakinsa, a hirarrakin da ya yi da mujallun kiɗa a lokacin fitar Erase Me, ya bayyana abin da ya raba shi da tsohon gidansa. Ma'anar abin da ya faɗa ita ce, a shekarun da ya yi yana fama da ƙwaya, mutanen addinin da ya yi tsammanin za su riƙe hannunsa su ne suka fi kowa saurin yanke masa hukunci da juya masa baya, kuma sai bayan da ya samu sarari daga wannan matsi ne ya iya fuskantar ciwonsa ya rabu da shaye-shaye. Wannan shaidar ɓangare ɗaya ce, kuma mu ba alƙalai ba ne a tsakanin Kiristocin Amurka da ɗansu. Akwai Kiristoci masu yawa, cikinsu har da maƙwabtanmu a nan Gana, da ke tsaye dare da rana a kan masu shaye-shaye. Amma irin wannan ƙorafi mun san shi, domin mun sha jin sa da Hausa, daga bakin yaran da aka haifa a gabanmu.

Abin da ya faru da Underoath cuta ce da ke kama kowace al'umma da ta fi son allo a kan mutum. A Amurka akwai kasuwa sukutum ta kiɗan addini, da kamfanoninta da shagunanta da bukukuwanta na shekara-shekara, irin su Cornerstone da aka yi ta yi a jihar Ilinoi daga 1984 zuwa 2012. Wannan kasuwa tana bukatar taurari masu tsabta da iyaye za su amince su saya wa 'ya'yansu faifansu. Tauraron da ya fito ya ce ni fa ina shan ƙwaya, ya ɓata haja. Don haka hanya biyu ce kawai a gabansa: ya ɓoye har abin ya kashe shi, ko ya faɗa a jefar da shi. Al'ummar da ta bar wa ɗanta waɗannan hanyoyi biyu kaɗai, kada ta yi mamaki idan ya haƙa ta uku ya fice gaba ɗaya.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan, kuma ɗan tsiraru kullum yana tsoron abin da za a ce. Shekara da shekaru ana jingina sunan zango da rigima da daba, saboda haka muka koyi kare sunan da dukan ƙarfinmu. Kare suna abu ne mai kyau, amma ya haifar mana da wata mummunar al'ada: idan yaro ya lalace, abin da ke fara zuwa zuciyarmu shi ne kada a ji. A shekarar 2018 ɗin nan da Underoath ke ajiye allonta, ƙasar Gana na cikin ce-ce-ku-ce a kan tramol, a Nijeriya kuma gwamnati ta hana sarrafa da shigo da maganin tari mai kodin. Babu wani mai gaskiya a cikinmu da zai ce wannan annoba ta tsallake zangunanmu. Yaran da ta kama kuwa, mafi yawansu ba su taɓa jin sunan metalko ba. Wasunsu sun sauke Alƙur'ani, wasunsu a sahun farko muka san su. Da suka faɗi, sau nawa muka je muka zauna da su, sau nawa kuma muka mai da su misalin huɗuba?

Kada wani ya ɗauka muna tallar wannan kiɗa ne. Ba ma kiran kowa ya saurare shi. Ashariya ashariya ce ko da wane harshe aka yi ta. Gaskiya ne kuma cewa a cikin faffaɗan gidan metal akwai waɗanda suka ɗauki alamomin shaiɗan da gangan, har wasu a ƙasar Nowe suka ƙona majami'u a farkon shekarun 1990, kuma uban da ya ji tsoron irin wannan ga ɗansa bai yi laifi ba. Hukuncin kayan kiɗa a shari'a ma magana ce ta malamai, wadda suka daɗe suna saɓani a kanta: jumhuru sun tsananta, Ibn Hazm ya sauƙaƙa, Imam Gazali kuma ya ware mata babi guda a cikin Ihya'u inda ya yi bayani da sharuɗɗa. Wanda ya bi masu tsanantawa ya hana kiɗa a gidansa, yana da magabata. Abin da muke musu a kansa shi ne tsallen da ake yi daga cewa wannan aiki bai dace ba zuwa cewa wannan yaro ya fita daga cikinmu. Tsakanin maganganun nan biyu akwai tafiyar kwana da kwanaki, kuma babu malamin kirki da ya taɓa haɗe su.

Sannan mu daina yi kamar ihu baƙo ne a kunnen Bahaushe. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ji ɗan dambe na kirari har jijiyar wuyansa ta miƙe, ko ya ji 'yan tauri da mafarauta sun tsuma, ya san cewa akwai abin da ke cikin ƙirjin namiji wanda rerawa mai sanyi ba ta iya fitar da shi. Ɗan Anace ya yi suna a kan 'yan dambe, Kassu Zurmi a kan 'yan tauri da mazajen daji, kuma kakanninmu, ko da waɗanda ba su yarda da sana'ar ba, sun san bambanci tsakanin tsumar jarumta da bautar gunki. Ihun metalko ma sana'a ce da ake koya, wanda ya yi shi da ka sai maƙogwaronsa ya lalace cikin ɗan lokaci. Saurayin da ya zaɓi wannan sauti daga cikin dubban sautukan da ke cikin wayarsa, sau da yawa wani abu ne ke ci masa rai wanda bai samu kalmar faɗarsa ba: rashin aiki, ko karatun da ya tsaya, ko gidan da ba a magana a cikinsa sai faɗa. Ihun alama ce, kamar zazzaɓi. Mai hankali yakan nemi abin da ya kawo zazzaɓin.

Ga samarinmu masu jin wannan kiɗa kuwa, muna da magana da ku ma. Kada ku karanta tarihin Underoath ku ce ashe mafita ita ce a bar addini. Abin da ya ceci Chamberlain shi ne daina ƙarya da samun mutanen da za su ji gaskiyarsa ba tare da sun gudu ba, kuma wannan ba sai an bar masallaci ake samun sa ba. Ku lura kuma cewa mutanen da suka rabu a 2013 su ne suka dawo suka zauna da juna a 2015, duk da bambancin da ya shiga tsakaninsu a kan imani. Sun gano cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Idan makaɗan Falorida sun kai ga wannan fahimta bayan shekaru na wahala, abin kunya ne a ce mu da muka gaji karin maganar tun daga kakanni mu ne muka manta da ita.

Kuma mun gaji abin da ya fi karin magana. Ya tabbata a cikin Bukhari cewa a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai wani sahabi mai suna Abdullahi, wanda ake wa laƙabi da Himar, da aka sha kawowa saboda shan giya ana yi masa horo. Wata rana wani daga cikin jama'a ya tsine masa saboda yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana a tsine masa, ya kuma shaida cewa mutumin nan yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwaya makamanciyarta ya gargaɗi sahabbai kada su zama mataimakan shaiɗan a kan ɗan'uwansu. A duba da kyau: ba a halatta giyar ba, ba a ɗage horon ba, amma ba a kori mutumin daga sahu ba. Kuma a duba wanda aka ce yana taimakon shaiɗan a wannan majalisi: mai tsinuwar ne. Duk wanda ke saurin ambaton shaiɗan a kan kiɗan yaro, ya tsaya ya auna wannan kafin ya buɗe baki.

Abin da muke kira gare shi ba mai tsada ba ne. Limamanmu su bambanta tsakanin yin wa'azi a kan laifi da yin nuni ga mai laifi, domin a zango kowa ya san kowa, kuma huɗubar da ba ta ambaci suna ba takan fi wadda ta ambata tona asiri. Sarakunanmu da masu unguwanni su sa a san cewa akwai ƙofar da uba zai ƙwanƙwasa ya ce ɗana na shan ƙwaya, ba tare da maganar ta riga shi isa kasuwa ba. Mu daina ɗaukar kai yaro asibiti a matsayin tonon silili, domin jarabar ƙwaya cuta ce da ke bukatar likita tare da addu'a. Uban da ya ji ihu na fita daga ɗakin ɗansa, kafin ya fasa wayar, ya shiga ya zauna ya ce, ɗana, fassara mini abin da mutumin nan ke faɗa, kuma me ya sa ya shige ka. Watakila amsar ta ba shi haushi. Watakila kuma ita ce magana ta farko ta gaskiya da za ta shiga tsakaninsu a cikin shekaru.

Underoath ta canja salo fiye da sau biyar a cikin kusan shekara talatin, kuma kowane canji sai da aka zarge ta da cin amana. A cikin canje-canjen nan duka, ɗaya ne kaɗai ya taɓa imani, shi kuwa mutane ne suka jawo shi, a bisa shaidar wanda abin ya faru a kansa. Wannan shi ne gemun da ya kama da wuta a gidan maƙwabci. Ruwan shafawa yana hannunmu tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, saura mu yi amfani da shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya yaye wa waɗanda aka jarraba, ya kuma tsare harsunanmu daga korar bayinsa daga ƙofarsa.